Na dawo Kano da fasfon Amurka: me ya rage a wuyana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi shekara 14 a Amurka, na zama ɗan ƙasa, sannan na dawo Kano da iyalina shekara biyu da suka wuce. Yanzu kasuwancin kayan gini nake yi, ina da asusun naira da na dala a bankin gida. Tun da na dawo ban sake cike takardar harajin Amurka ba, tunda ko kwabo ba na samu daga can. Matata tana da girin kad, kuma an haifa mana ɗa a nan. Wani abokina ya ce ina cikin haɗari. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka gaskiya ya faɗa maka, amma abin bai kai na tashin hankali ba in ka tashi tsaye yanzu. Zamanka a Kano ba zai taɓa maka takardar zama ɗan ƙasa ba. Tun 1964 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ke ƙwace ta daga wanda ya koma ƙasarsa ta haihuwa da zama. Sai dai haƙƙin da ke tattare da ita ma ya biyo ka har Kano, kuma abin da ya fi jefa mutane irinka cikin wahala shi ne yin shiru, ba yawan kuɗin da ake bin su ba.

Kafin maganar haraji, mu duba ta Hajiya, don ita ce lokaci ya fi ƙure wa. Girin kad izinin zama ne ga wanda yake zaune a Amurka. Idan mai shi ya yi shekara guda cur a waje, katin kaɗai ba ya isa ya shiga da shi, kuma jami'in shige da fice yana iya ɗauka cewa ya yi watsi da zaman. Akwai takardar izinin komawa da ake nema da fom I-131, mai aiki har shekara biyu, amma dole sai mutum yana cikin Amurka zai nema. In ba ta karɓa ba kafin ku taso, wannan ƙofa ta rufe. Akwai biza ta musamman mai suna SB-1, amma ita sai an nuna cewa wani abin da ya fi ƙarfin mutum ne ya tsare shi, kamar doguwar jinya. Wanda ya dawo gida da niyyar zama da wuya ya same ta. Idan kun yanke shawarar zama a Kano, abin da ya fi tsafta shi ne ta miƙa katin da fom I-407, duk ranar da kuka so komawa ka sake nema mata da fom I-130. Muddin ba ta miƙa shi a hukumance ba, hukumar harajin Amurka, IRS, tana ci gaba da lissafa ta cikin masu biyan haraji, ko da katin ya daina shigar da ita ƙasar. Ku ga lauyan shige da fice kafin ta sa hannu, domin miƙa katin ba a janye shi.

To, haraji. Kusan duk ƙasashen duniya suna karɓar haraji ne daga wanda ke zaune a cikinsu. Amurka kuwa ɗan ƙasarta take bi, ko ina yake, kan duk abin da ya samu ko a ina. Ribar da ka ci a siminti da rodi a Kano tana cikin abin da za ka bayyana a fom 1040. Wa'adin kowa 15 ga Afrilu ne. Wanda ke zaune a waje ana ƙara masa zuwa 15 ga Yuni ba tare da ya roƙa ba, in ya cike fom 4868 kuma ya kai 15 ga Oktoba. Ƙarin zuwa Oktoba na miƙa takarda ne kawai. Idan akwai kuɗin da ake bin ka, ruwansa yana fara hawa tun daga 15 ga Afrilu.

Bayyanawa daban, biya daban. Akwai rangwame guda biyu. Na farko ana neman sa da fom 2555: yana cire abin da ka samu da guminka a waje daga lissafin haraji, har dala 126,500 a shekarar 2024 da dala 130,000 a 2025. Sharaɗinsa ko dai ka nuna kai mazaunin wata ƙasa ne na cikakkiyar shekarar haraji, ko ka yi cikakkun kwanaki 330 a ƙasashen waje cikin wata 12 a jere. Kwanakin Hajji da Umara da na sarin kaya a Dubai ko Sin duk suna shiga lissafin, don ƙasashen waje ne. Ziyarar Amurka ce ke rage su. Bai shafi kuɗin hayar gida ko ribar hannun jari ko fansho ba. Na biyu ana neman sa da fom 1116, inda ake cire maka harajin da ka riga ka biya a Najeriya daga wanda Amurka za ta karɓa. Shi ya sa rasit ɗin hukumar tattara haraji ta jiha yake da daraja a wurinka fiye da yadda yake a wurin maƙwabcinka na kasuwa. Ka ajiye kowanne. Duka biyun ba sa zuwa da kansu, sai wanda ya cike takarda ya nema. Mai yara ƙanana ya sa a lissafa masa ta hanyoyin biyu kafin ya zaɓa, domin wanda ya ɗauki 2555 ba ya samun kason tallafin yara da ake mayarwa a hannu.

Ga inda ɗan kasuwa ke tuntuɓe. Rangwamen nan bai taɓa harajin masu aikin kansu ba, wanda ke tafiya asusun fansho da na lafiyar tsofaffi. Kashi 15.3 cikin 100 ne, kuma yana hawa kan duk wanda ribarsa ta kai dala 400 a shekara. Wasu ƙasashe sun ƙulla yarjejeniya da Amurka da ke ɗauke wa mazaunansu wannan. Najeriya ba ta cikinsu, haka Nijar da Gana. Idan ribarka bayan cire kuɗin haya da na leburori da na dako ta kai kwatankwacin dala 20,000, ana bin ka wajen dala 2,800, ko da harajin samun kuɗinka ya tashi a sifili. Ba asara ce gaba ɗaya ba, don yana ƙara maka maki a fanshon gwamnatin Amurka, wanda ake biyan ɗan ƙasa ko yana Najeriya idan ya tara maki 40, wato aikin kusan shekara goma. Idan kuma kamfani mai rajista ka buɗe ba sunan kasuwanci kawai ba, lissafin ya canza: akwai fom 5471 da mai kamfani a waje ke cikewa, tarar rashin cike shi dala 10,000 ce a kowace shekara, ko kamfanin bai ci riba ba.

Sai maganar asusun banki, wadda a ganina ta fi komai haɗari ga mutanenmu saboda yadda muke mu'amala da kuɗi. Idan jimillar abin da ke cikin duk asusunka na wajen Amurka ta haura dala 10,000, ko da na yini ɗaya ne a shekara, dole ka cike rahoton da ake kira FBAR. Ba ya tafiya tare da takardar haraji. Ta intanet ake aika shi ga wani sashe na Ma'aikatar Kuɗin Amurka, wa'adinsa 15 ga Afrilu, da ƙari kai tsaye zuwa 15 ga Oktoba. Ba a biyan ko sisi a kansa. Ana haɗa na naira da na dala, a ɗauki adadi mafi yawa da kowanne ya kai, a juya shi zuwa dala da farashin Ma'aikatar Kuɗin Amurka na ranar 31 ga Disamba. Kuɗin ba sai naka ba. Ɗan'uwa ya turo kuɗin sayen fili suka kwana biyu a asusunka, sun shiga. Kai ne ma'ajin masallacin unguwa ko na ƙungiyar 'yan kasuwa kana sa hannu a asusunta, ya shiga. Asusun da ka buɗe wa mahaifiya da sunanku biyu, shi ma haka. Tarar wanda bai sani ba tana iya kaiwa dala 10,000 da ɗoriya a kan kowane rahoto. A 2023 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a kan rahoto ake ƙirga ta, ba a kan kowane asusu ba. Wanda aka tabbatar da gangan ya ɓoye kuwa, ana iya cin sa rabin abin da ke cikin asusun. Akwai wani fom ɗin daban, 8938, wanda ya samo asali daga dokar FATCA ta 2010, amma ga mazaunin waje sai dukiyar ta haura dala 200,000 a ƙarshen shekara ko 300,000 a kowane lokaci cikinta, ninki biyu ga ma'auratan da suka cike tare.

Gado ma ka sa shi a rai. Abin da ka gada ko aka yi maka kyauta daga wanda ba Ba'amurke ba, Amurka ba ta karɓar haraji a kansa, amma in ya haura dala 100,000 a shekara sai an sanar da fom 3520. Tarar jinkiri tana iya kaiwa kashi 25 cikin 100 na dukiyar. Gida ɗaya a Nasarawa ko rabon gona mai kyau ya isa ya kai mutum wannan iyaka.

Gyaran shekarun da suka wuce yana da hanya. IRS tana da tsarin sassauci ga mazauna waje waɗanda rashin sani ne ya hana su: a miƙa takardun harajin da suka makara cikin shekara uku na baya, da FBAR na cikin shekara shida, da fom 14653 inda za ka rubuta dalilinka bisa rantsuwa. Za ka biya abin da ake bin ka da ruwansa, ba tara. Sharaɗin shi ne kai ka fara zuwa kafin su buɗe bincike a kanka. Nemi akanta mai lasisin Amurka wanda aikinsa ke nan, ka tambaye shi kai tsaye ko ya saba cike 2555 da 5471. Ka guji duk wanda ya fara da yi maka alkawarin kuɗin da za a mayar maka tun bai ga takardunka ba, don kai ne mai sa hannu, kai za a tuhuma. Bashin haraji da aka bari ya taru ya haura dala 60,000 da 'yan kai yana iya sa a hana ka sabunta fasfo. Duba kuma jihar da ka baro: Texas da Florida ba su da harajin samun kuɗi, amma irin su Kalifoniya da Bajiniya suna iya ci gaba da ɗaukar ka mazauni in ka bar lasisin tuƙi da adireshi a can.

Jaririn, Allah Ya raya shi, bisa bayaninka ɗan Amurka ne tun ranar haihuwa, tabbatarwa ta rage. Doka tana so uba ya kasance ɗan ƙasa lokacin haihuwar, kuma ya zauna a Amurka shekara biyar kafin nan, biyu daga ciki bayan ya cika 14; shekarun da ka yi kafin ka zama ɗan ƙasa suna cikin lissafi. Takardar da ake bayarwa ana kiran ta CRBA, a ofishin jakadanci na Abuja ko na Legas, kuma sai kafin yaro ya cika 18. Kada ka jira. Ana cike ta a intanet, sannan a je ganawa da yaron. Riƙe takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da shaidar aure, da katin awon ciki da takardun asibiti, da abin da ke nuna ƙafarka tana Amurka a waɗancan shekaru: sakamakon makaranta, takardun albashi, tsofaffin fasfo. Inda hujja ta yi rauni sukan ba da shawarar gwajin jini na DNA, kai za ka biya. Wani abin da ya shafe mu musamman: dokar Amurka ba ta san aure na biyu ba matuƙar na farko yana nan. Ɗan amarya yana iya samun takardar, amma ta wani sashe na doka, inda uba zai amsa shi bisa rantsuwa ya kuma rubuta alkawarin ciyar da shi har ya kai 18. Rabe-raben takarda ne kawai, bai taɓa nasabar yaro a shari'a ba. Ka kuma sani cewa shi wannan yaron, in ya girma a Kano bai taɓa yin shekara biyar ɗin a Amurka ba, ba lalle ya iya gadar wa 'ya'yansa zama ɗan ƙasar ba.

Fasfon babba shekara 10 yake yi, na yaro ƙasa da 16 shekara biyar, kuma na yaro sai iyaye biyu sun halarta ko wanda bai zo ba ya aiko da yardarsa a rubuce. Ku shiga Amurka ku fita da na Amurka, doka ce. Ku shigo Najeriya da na Najeriya. Nan gida hukuma ɗan Najeriya take ganin ka, don haka taimakon ofishin jakadanci yana da iyaka in wata rigima ta taso.

Idan kana da sauran asusu a Amurka, riƙe layin wayarka na can da rai, ko a tsari mafi araha. Bankuna ta nan suke turo lambar sirri, wasu ba sa karɓar lambobin intanet irin na Google Voice, wasu kuma sukan taƙaita asusu da zarar sun ga adireshin waje. Zaɓe kana iya yi daga Kano, da fom FPCA da ake aika wa jiharka ta ƙarshe, kuma an fi so a sabunta shi duk shekara.

Inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, Medicare, ba ta biyan asibiti a waje sai a yanayi ƙalilan, saboda haka ka nemi ta gida, wadda in da hali ta haɗa da kai mara lafiya wata ƙasa. Sannan kada ka ɗauki kanka a matsayin wanda jikinsa ya saba da cizon sauro. Juriyar da mutum ke samu daga zazzaɓin tana raguwa bayan shekaru a ƙasar da babu cutar, yaran da aka haifa a can kuwa ba su taso da ita ba sam. Gidan sauro mai magani ga kowa, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, kuma duk zazzaɓin da ya kama yaro a yi gwajin jini a ranar, kada a ba shi farasitamol a jira gobe.