Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan maganin antioksidan bayan murɗewar maraina

Assalamu alaikum ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka tambaya ko ƙwayoyin antioksidan, wato magungunan da ke kare jiki daga sinadarai masu lalata shi, da aka gwada a kan dabbobi za su kare maka haihuwa bayan tiyatar da aka yi maka, kuma tambayar ta taɓa ni ƙwarai, domin wannan lalurar ce ta raba ni da ƙwan maraina ɗaya.

Binciken an yi shi da gaske, amma akasarinsa a kan ɓeraye ne. Ana murɗe ƙwan ɓera zagaye biyu, wato digiri 720, a bar shi awa ɗaya ko biyu, sannan a ba shi melatonin ko bitamin E, ko sinadarin da ke cikin habbatus sauda, gab da warwarewa ko daidai lokacin da jini ke komawa, saboda komawar jinin kanta tana tayar da sinadarai masu lalata ƙwayoyin da ke haɗa maniyyi. A wannan ɗan taƙin maganin yake aiki. Kai kuwa rauninka ya riga ya warke, don haka ban ga dalilin da za ka zuba kuɗinka a kan kwalaben da ake tallatawa a waya ba.

Abin da ke ceton ƙwai shi ne awa 6 na farko, kuma su aka cinye mini. Ciwon ya tashe ni cikin dare ina amai, ko miƙewa ba na iyawa, aka kai ni wani kemis a unguwarmu nan Katsina. Mai kemis ɗin bai ko duba wurin ba, ya ce sanyi ne, ya yi mini allura, ya ƙulla mini kafso a leda, ya ce in je in kwanta. Da aka kai ni asibiti ƙwan ya riga ya yi baƙi, sai cirewa aka yi. Wallahi har yau idan na bi ta ƙofar shagon nan sai raina ya ɓaci.

Ka koma wurin likitan da ya yi maka aiki ka tabbatar ya ɗinke ɗaya ƙwan don kada shi ma ya murɗe. Ka nemi gwajin maniyyi bayan wata uku, tunda haɗuwar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74, kuma za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin gwajin. Idan kana shan sigari ko shisha ka bari. Ƙwai ɗaya mai lafiya yakan isa haihuwa, ni ma da shi Allah ya ba ni 'ya'yana, kuma idan sakamakon ya nuna rauni, a lokacin ne za ka tambayi likita batun bitamin ɗin.