Siminti ne ya cuci gidan Mackintosh, kada ya cuci naku

Tambaya: Malam, ni ɗalibin zanen gine-gine ne a Zariya. Na ji an ce gidan Hill House na Charles Rennie Mackintosh yana lalacewa saboda danshi, har an kifa masa rumfar ƙarfe. Hankalina ya tashi, domin babanmu ya dage sai an yi wa gidanmu na ƙasa filastar siminti kafin damina. Mackintosh ne bai ƙware ba, ko siminti ne?

Amsa: Ɗana, Mackintosh gwani ne. An haife shi a Glasgow ta ƙasar Sikotland a 1868, shi ya zana Makarantar Zane-zane ta Glasgow da duniya ke yabo. Bai ci moriyar basirarsa ba, aiki ya yanke masa, ya koma kudancin Faransa yana zanen hotuna, ya rasu a Landan a 1928.

Hill House kuwa ya gina wa Walter Blackie, mai buga littattafai, a garin Helensburgh na Sikotland tsakanin 1902 da 1904. Maginan Sikotland na da can da farar ƙasa suke yaɓe bango, tana shan ruwa tana kuma sakinsa. Shi Mackintosh sai ya ɗauko siminti, ya kuma bar kan bangon babu duwatsun kariya don ginin ya fito sumul, a garin da ruwan sama ba ya ɗaga ƙafa. Simintin ya riƙe danshi a cikin bango, har a 2019 dole aka lulluɓe gidan da ragar ƙarfe, iska na shiga, ruwa na tsayawa waje, don ya bushe a hankali.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kullum sai na ji wani ɗan kwangila yana rantsuwa wai siminti maganin ruwa ne. Ƙarya ce! Siminti ba ya motsi tare da ginin ƙasa. Rana ta buga, sanyi ya sauka, sai ya tsage siriri kamar gashi. Ruwa ya shiga ta nan, ya rasa mafita, tubali ya jiƙe ta ciki alhali waje na sheƙi. Je ka ƙwanƙwasa irin wannan bango, za ka ji yana amsawa fanko. Ka ɓamɓare ɓawon, ƙasa ce ɗanya za ta zubo maka a hannu. Randa ya faɗi, mai kwangilar ya daɗe da cinye kuɗinsa, sai a ɗora wa damina laifi, ga kuma yara na kwana a ɗakin.

Ka lallashi Baba cikin ladabi. Ku nemi tsohon magini ya yi yaɓen makuba ko laso, a riƙa sabuntawa. Ku gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da gindin bango.