Me ya sa kyamarar motata ke makancewa da dare?

TAMBAYA: Malam, na sayi kyamarar gaban mota, an rubuta 4K a kwalinta. Da rana hoto tangaran, amma da dare a hanyar Zariya zuwa Kano sai dishi-dishi, ko lambar motar da ke gabana ba ta karantuwa. Ina matsalar take?
Direba daga Zariya

AMSA: Ɗan'uwa, matsalar tana cikin sensa, ɗan faifan da ke bayan gilashin kyamarar yana karɓar haske. An raba fuskarsa zuwa miliyoyin ƙananan ɗigo. Idan aka cusa ɗigo miliyan 8, wato abin da 4K ke nufi, a ƙaramin sensa, kowane ɗigo sai ya tsuke, hasken da yake samu ya ragu. Da rana ba ka lura, don haske ya wadata. Da dare kuwa kyamarar tana tsawaita lokacin ɗaukar kowane hoto, tana kuma ƙara ƙarfin siginar, shi ne kake ganin yashi-yashi, lambar mota mai gudu ta shafe.

Wasu masu arha ma 4K ɗin nasu na baki ne, faɗaɗa hoton kawai suke yi.

Ni dai kafin ka sake saye, tambayi sunan sensan. Sony STARVIS 2, musamman IMX678 mai girman da ake kira inci 1/1.8, yana ƙoƙari sosai cikin duhu. Ka nemi ruwan tabarau (gilashin kyamarar) mai lamba f/1.8 ko f/1.6, wato mai shigar da haske da yawa, da HDR, fasahar da ke daidaita haske da duhu a hoto, saboda fitilun tireloli masu kashe ido. Ka riƙa goge gilashin motar ta ciki, ƙurar hunturu tana watsa haske.