Korona ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa?

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Kin ce ɗanki yana aji biyar amma har yanzu da yatsa yake bin rubutu yana tsintar harafi ɗai-ɗai, ga firgita cikin barci, kuma kakarsa ta kafe a kan zazzaɓin da ya yi lokacin korona ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ni malamar firamare ce a nan unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, ƙananan aji nake riƙewa tun kafin in haifi autana. Ba likita ba ce ni, abin da idona ya gani zan gaya miki.

Ita kanta cutar ba ta cika kwantar da yara ba. Akasarin waɗanda suka kamu mura ce da tari da ɗan zafin jiki, kwana kaɗan su miƙe. Tsofaffi da masu hawan jini da ciwon suga ta fi yi wa illa. Akwai 'yan tsirarun yara da bayan makonni zazzaɓi kan dawo musu ya ƙi sauka, ido ya yi ja, ƙuraje su feso, ciki ya yi ta ciwo. Wannan kam sai an kwana asibiti, kuma da shi ne ya sami ɗanki da ba ki manta ba. Zazzaɓin kwana uku a Kumasi da damina, ni sauro zan fara zargi.

Zaman gida shi ya ci yaranmu. Ki yi lissafin da kanki. An rufe makarantu ran 16 ga Maris 2020. Ran 30 ga wata aka kulle Kumasi da Akra, mako uku aka buɗe, manya muka koma kasuwar Kejetia neman na tuwo. Amma 'yan firamare ba su sake ganin allo ba sai Janairun 2021. Wata goma ke nan, kuma ɗanki a lokacin yana daidai shekarun da yaro ke koyon haɗa baƙi da wasali. An ce a bi darasi a Ghana Learning TV. To, a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, talabijin ɗin na wa? Ga makarantar allo a rufe, ga masallaci a rufe, har ƙaramar Sallah a tsakar gida muka yi ta.

Ranar da aka dawo ba zan manta ba. Na tsaya bakin ƙofa kusa da bokitin Veronica, mai famfon nan na wanke hannu, ina zuba musu sabulu, suna shigowa da takunkumi ya rufe musu rabin fuska. Wata yarinya da na bari tana rubuta sunanta tsaf, na miƙa mata fensir ta damƙe shi kamar muciya. Wani kuma wandon makarantarsa da igiya aka ɗaure, ba don ya yi masa kaɗan ba, ramewa ya yi. Ashe shinkafa da waken da ake ba su a makaranta ita ce abincinsa na ƙwarai a yini. Haka muka ciyar da su aji na gaba, ramin da ke baya ba wanda ya cike. Laifinmu ne mu malamai har da ni, manhaja muke kora.

Firgitar ma na san ta a ɗakina. Autana ya ga sojoji suna korar mutane a bakin titi lokacin kulle, ya fi shekara in ya ji jiniya sai ƙarƙashin gado. Mu manya muna ta zancen mutuwa a gabansu, mun ɗauka wasa suke yi ba sa ji.

Ki fara da asibiti, da katin inshorar lafiyarsa. A duba ido da kunne, a auna jini, don yaron da jininsa ya yi ƙasa ko ba ya ganin allo sosai kamar daƙiƙi yake a aji. Ki gaya musu zancen firgitar. In yana da ƙanne ki ciro katin awonsu ki duba, uwaye da yawa sun tsallake riga-kafi a shekarar korona don tsoron asibiti, ga shi ƙyanda ta ɓulla a arewacin ƙasar nan a farkon 2023.

Sannan ki haɗiye kunya ki nemo littafin aji biyu, ba na aji biyar ba. Minti goma sha biyar bayan Magariba, kullum, ke da shi kaɗai, ba bulala, ba yayyensa a kusa suna dariya. Wanda na yi wa haka a ajina zango biyu ya ɗauka kafin ya daina sa yatsa.

Hajiya kakarsa kuwa kada ki ja da ita, ba za ki ci ba. Ki roƙe ta ta riƙa yi masa tatsuniya da dare, washegari shi ya maimaita miki. Ina da tsofaffin littattafan aji biyu guda uku a kabad, in kina kusa da unguwar Asawase ki yi mini magana ta gefe in aiko miki.