Dalilin da ya sa na hana a fiɗiye gajeren dukushin nan

Ɗana, jiya da la'asar muna wankin dawaki ka jefo min tambaya biyu a haɗe, hannuna cikin kumfa, ban ba ka amsar kirki ba. Ka ce me ya sa na hana a fiɗiye jan dukushin nan na turken ƙarshe, alhali gajere ne, ga cizo ga harbi, har ya yage maka hannun riga ranar Talata. Sannan ka ce in dai iri ake nema, me zai hana mu kai goɗiyoyinmu wurin duk dokin da ya ci sukuwar bana, tunda barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amsar duka biyun tana jikin wani doki da ban taɓa gani da idona ba sai a hoto da tsohon bidiyo, amma na fi shekara ashirin ina bin labarin zuri'arsa. Sunansa Northern Dancer.

An haife shi ran 27 ga Mayu, 1961, a gonar wani attajiri mai suna E. P. Taylor da ke Oshawa, a ƙasar Kanada. Riƙe watan nan a ranka. A tsarin masu kiwon dawakin tsere na can, kowane doki shekararsa tana ƙaruwa ne ran 1 ga Janairu, ko da wane wata aka haife shi, shi ya sa suke son goɗiya ta haihu tun farkon shekara. Shi kuwa uwarsa, Natalma, ana cikin shirya ta don wani babban tsere a 1960 ta ji ciwo a gwiwa, aka janye ta, aka kai ta barbara lokacin da damina ta riga ta yi nisa, in ji manoma. Saboda haka da aka fito da 'yan shekara guda kasuwa a 1962, sa'o'insa sun girme shi da watanni, ga shi dama ƙuru ne. Taylor ya sa masa dala 25,000. Masu kuɗi suka zagaya shi, suka duba, suka wuce. Ko mutum ɗaya bai saya ba. Ya koma barga a matsayin kwantai.

Ko da ya gama girma, tsayinsa bai wuce hannu 15 da ɗan ɗoriya ba. Da faɗin tafin hannu suke awo, inci 4 kowane hannu, daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, kuma manyan dawakin tsere sukan kai 16 ko su haura. Ja ne, da fari a goshi wanda ya karkace ya gangaro hanci, ƙafafu uku farare, ƙirji faffaɗa, cinyoyin baya kamar an cusa musu dutse. Hali kuwa sai wanda ya gani. Mai horar da shi, Horatio Luro, mutumin Ajantina, gwani ne da ba a ja da shi a sana'ar, kuma shi da kansa ya ba da shawarar a fiɗiye shi ko ya natsu. Taylor ya ce a'a.

Ka ga dai gwani ne ya faɗi abin da ka faɗa, don haka ban ga wautarka ba. Amma Taylor ya san abin da ke cikin jinin. Uban dukushin, Nearctic, ɗan Nearco ne, dokin Italiya da Federico Tesio ya kiwata, wanda ya shiga tsere 14 bai faɗi ko ɗaya ba. Natalma kuma 'yar Native Dancer ce, wanda ya yi tsere 22 ya ci 21. Wanda ya san haka ba ya sa wuƙa don doki ya cije shi.

A watan Agusta na 1963 ya fara fita fili, a filin tseren Fort Erie na Kanada, kuma wanda ya hau shi ranar ɗan koyo ne kamarka, Ron Turcotte. Suka ci da rata mai yawa. A wannan shekara ya yi tsere 9 ya ci 7. Sai kofatonsa ya tsage ta gefe, irin tsagar da ke farawa daga sama wajen gashi ta gangaro, wadda in doki ya taka ƙasa da ƙarfi sai ta buɗe ta yi jini. Aka yi mata faci na musamman ya ci gaba da aiki. Na faɗi wannan ne don ka san manyan dawaki ma da lalurarsu suke gudu, masu hannu ne ke rufa musu asiri.

A 1964 babban mahayin Amurka, Bill Shoemaker, ya hau shi ya ci manyan tsere biyu a Florida. Da babbar rana ta matso, wato Kentucky Derby, sai Shoemaker ya sauka daga kansa ya zaɓi Hill Rise, wani dogon doki daga California da kowa ke cewa shi zai ci. Bill Hartack ya karɓi linzamin gajeren. Ka nemi bidiyon a wayarka, baƙi da fari ne amma ana gani sarai. Tsawon filin mita dubu biyu ne da 'yan kai. Ka dubi kwanar ƙarshe: gajeren ya fito gaba, ƙafafunsa na faɗuwa kamar ana kaɗa kalangu, Hill Rise yana biye da dogon taku, kowane taku yana cin ratar. Kai da kake kallo sai ka ce yanzu zai kama shi. Bai kama shi ba. Da tsawon wuya aka raba su, agogo ya nuna minti 2 cif, gudun da ba a taɓa yi ba a wannan tsere, kuma shi ne dokin Kanada na farko da ya ci shi. Bayan mako biyu ya ci wani babban tseren Amurka, Preakness. A Belmont, mai tsawon mita 2,400, ya zo na uku. Ya koma gida ya ci Queen's Plate a gaban mutanensa, daga nan jijiyar ƙafarsa ta gaba ta kumbura wajen atisaye, gudu ya ƙare yana ɗan shekara uku. Fita 18, ci 14, na biyu sau 2, na uku sau 2. Bai taɓa dawowa hannu rabbana ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da tuni an manta da shi sai masu bin tsofaffin takardu.

A 1965 aka fara kawo masa goɗiyoyi, dala 10,000 kowace barbara. Saboda gajartarsa sai da aka yi masa ɗan tudu a ɗakin barbara don ya kai ga dogayen goɗiyoyi, domin a dokar irin dawakin tseren nan dole ingarma ya hau da kansa, ba a yarda a zuba wa goɗiya maniyyi da allura ba. Daga wata doguwar goɗiya, Flaming Page, aka sami Nijinsky a 1967, ƙato, dogo, in ka gan shi ba za ka ce ɗan gajeren ne ba. Vincent O'Brien na ƙasar Ailan ya hore shi, Lester Piggott ya hau shi, a 1970 ya haɗa manyan tseren Ingila guda uku, 2000 Guineas da Derby da St Leger. Har yau ba a sake samun dokin da ya haɗa su ba. Daga nan idon duniya ya buɗe. Attajiran Turai da 'ya'yan gidan sarautar Dubai suka riƙa haɗuwa a kasuwar dawaki ta Keeneland da ke Amurka suna rige-rigen 'ya'yansa. Kuɗin barbararsa ya yi ta hawa har aka kai ana biyan dala miliyan ɗaya a kan goɗiya guda. A Derby ta Ingila ta 1984, dawaki biyun da suka iso layi kai da kai, Secreto da El Gran Senor, duka 'ya'yansa ne. 'Ya'ya 645 ya bari, 411 sun ci tsere, 147 sun ci manya. Ya daina barbara a 1987, ya mutu da ciwon ciki ran 16 ga Nuwamba, 1990, yana da shekara 29, aka ɗauko gawarsa daga Maryland ta Amurka, inda yake zaune a lokacin, aka mayar Oshawa aka binne. Da an fiɗiye shi, da wuƙa ɗaya ta shafe duk wannan a wata safiya.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ta fi wuya. Karin maganar barewa gaskiya ne, amma Bahaushen da ya faɗe shi shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Duka biyun suna cikin gidan dokin nan.

A 1983 an sayi wani ɗansa, Snaafi Dancer, dala miliyan 10.2 yana ɗan shekara guda. Ko sau ɗaya bai shiga tsere ba saboda rashin gudu, da aka mayar da shi barbara nan ma bai yi abin kirki ba. Wani ɗan nasa kuma, Danzig, sau uku kacal ya fita fili. Ya ci duka ukun, gwiwa ta hana shi ci gaba, ba shi da wani babban kofi da za a nuna. Da kai ne mai goɗiya, da irin lissafin da ka kawo min jiya, ba za ka kalle shi ba. Amma ya zama ɗaya daga manyan ingarmun duniya. Haka Sadler's Wells, shi ma ɗansa: doki ne nagari, ya ci manyan tsere uku a 1984, sai dai a bargarsu ma El Gran Senor ake ɗauka ya fi shi. Da aka zo haihuwa, El Gran Senor goɗiyoyinsa ba su cika ɗaukar ciki ba, shi kuwa Sadler's Wells sau 14 yana zama ingarma na ɗaya a Ingila da Ailan. Shi ya haifi Galileo, Galileo ya haifi Frankel na Yarima Khalid Abdullah ɗan Saudiyya, wanda ya yi tsere 14 ba a taɓa shan gabansa ba.

Ga wanda ya fi taɓa min zuciya. Wanda ya karya minti biyun nan na Northern Dancer shi ne Secretariat, a 1973, kuma mahayinsa Turcotte ne, ɗan koyon nan na Fort Erie. A gudu, ni dai ban ga dokin da zan ajiye kusa da Secretariat ba, a Belmont ratar tsawon doki 31 ya bayar. Amma 'ya'yansa maza ba su kafa gida kamar na gajeren ba. Alherinsa ta 'ya'ya mata ya biyo. 'Yarsa Terlingua aka kai wa Storm Bird, ɗan Northern Dancer, ta haifi Storm Cat, wanda ya yi zamani a Amurka. Ka ga wanda ya fi gudu daban, wanda ya fi bayar da gudu daban.

Shi ya sa in dillali ya kawo doki daga Sudan ko Chadi kake jin ina takura masa da tambayar uwa, har yana ƙosawa. Mutanenmu uba kawai suke tambaya. Dubi Danehill, ɗan Danzig, wanda ya cika Ostireliya da Turai da 'ya'ya: Natalma tana jikinsa ta wajen uba, tana jikinsa ta wajen uwa. Goɗiyar nan mai ciwon gwiwa ita ce gindin abin. Kuma uwar Frankel 'yar Danehill ce, wato jinin gajeren ya shigo masa ta ƙofa biyu. Wannan ma yana da nasa haɗarin, domin yau da wuya ka sami dokin tsere na wannan iri da babu shi a jikinsa, kuma jini in ya cika kusanci, aibi ma yakan ninku kamar yadda kyau ke ninkuwa. Su suna da littafin asali da ke nuna musu inda za su tsaya. Mu ba mu da shi, sai abin da muka rubuta da hannunmu, shi ya sa nake ajiye ɗan littafin nan mai baƙin bango a akwatin magani.

Kada ka tafi da tunanin cewa na ce dukushinmu Northern Dancer ne. Ba irinsu ɗaya ba, kuma gajerun dawaki masu mugun hali da suka ƙare a gajeru masu mugun hali ba su ƙirguwa. Abin da na sani shi ne fiɗiya ba ta da gyara, jira kuwa harawa da dusa kawai yake ci. Ina saurayi na taɓa sa an fiɗiye wani akawal don ya kayar da ni sau biyu a gaban mutane, raina ya ɓaci. Shekara biyu bayan nan babu dokin da ke shan gabansa a garinmu, masu goɗiyoyi suna sallama a ƙofar gida, ba ni da abin ba su. Har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina.

Kuma akwai abin da na gani a jikin wannan. Shekaranjiya da ka ja shi a kan jiƙaƙƙen yashin bakin rijiya, na bi sawunsa a baya. Kofaton baya yana sauka gaba da sawun na gaba da kusan tafin hannu guda. Dokin da ke haka yana tura jiki daga cinya, takunsa ya fi tsayinsa. Na kuma lura in an dawo da su daga zagaye, shi ne na farko da hancinsa ke daina buɗewa, sauran suna ta haki shi har ya fara neman abin ci. Uwarsa kuwa na san ta, na ga gudunta sau uku, ba ta taɓa sakin jiki a ƙarshen fili ba. Cizon da yake yi, rabinsa zaman turke ne ya yi masa yawa.

Gobe bayan asuba ka fito da shi kafin sauran. Ka fara shafa jijiyoyin ƙafafunsa na gaba daga gwiwa zuwa ƙasa, da bayan hannu, in ka ji ɗumi a ɗaya fiye da ɗaya ka kira ni kafin ka ɗaura sirdi. Ka riƙe ragama kusa da haɓa, ka tsaya ta kafaɗarsa, ba ta gaban bakinsa ba. Ka rage masa dawa da rabin mudu, ka ƙara masa tafiya. Bulala kuma ka bar ta a rataye. In damina ta wuce za mu gwada shi mita 800 tare da hurden nan, ni zan riƙe agogo, kai za ka hau.