Amsa ga ɗana mai koyon aikin malamin gona

Wa'alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka tara manoma a wani ƙauye gefen Kumo kana musu bayanin lafiyar ƙasa, ba a yi nisa ba wani ya ɗaga hannu ya ce yaushe za a raba taki, da ka ce ba taki ka kawo ba sai aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, shi ne kake tambaya wai mutanenmu ne ba sa son ilimi ko kai ne ba ka iya ba, kuma ta ina ake farawa.

Toh wanda ya tambaye ka taki ai maganar ƙasa ya yi maka. Abin da yake nufi shi ne gonar da babansa ke cika rumbu da ita ba tare da ya sayi komai ba, yau shi in bai zuba buhu ba ko wahalarsa ba ya mayarwa. Ya san gona ta gaji, ya ma fi ka sani tunda a gidansa ake jin abin. Abin da bai gama ganewa ba shi ne me ya gajiyar da ita, da abin da zai iya yi da hannunsa ba sai ya jira gwamnati ba, kuma nan ne aikinka yake. Da ka juya maganar ka ce Baba, buhu nawa ka sa bara, nawa kake sawa a da, nawa ka ɗauka, wallahi da taron bai watse ba, don a nan kowa yana da abin faɗa.

Sannan ka daina tara mutane a gindin bishiya da kwali da alƙalamin rubutu. Manomi a gona ake koya masa, da ƙasarsa a hannunsa, gani ya kori ji. Ka nemi roba mai haske guda biyu ka cika da ruwa, ka sa su da kansu su ɗebo busasshen curin ƙasa ɗaya daga gindin gawo ko inda shanu suka taɓa kwana, ɗaya kuma daga tsakiyar gonar da aka yi shekaru ana shuka mata masara ana kwashe karan, a saka kowanne cikin ruwa a hankali. Na gajiyayyiyar gona zai narke nan take ruwan ya yi dagwalo, ɗayan zai daɗe a dunƙule yana fitar da ƴan kumfa. Kar ka yi saurin bayani, ka bari su yi musu a tsakaninsu tukuna. Bayan nan ka samu babban gwangwanin tumatir ka cire masa gindi, ka danna shi cikin ƙasa a wuraren nan biyu, ka zuba ruwa daidai wa daida a ga inda zai fara shanyewa. Sai a lokacin za ka ce musu ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi da saiwoyi su ne ke riƙe ƙasa a dunƙule, su ne abincin tana da gara da ƙananan halittun da ido ba ya gani, su kuma su ke buɗa hanyoyin da ruwa ke bi ya shiga. In babu su ruwan sama sai ya gudu ta sama ya tafi da ƙasar da takin da ka saya gaba ɗaya, ka zama kana zuba ruwa a rariya.

Amma fa ka kula, ka gwada ƙasa iri ɗaya da iri ɗaya. Jihar nan ta Gombe ba ƙasa ɗaya gare ta ba, yashin Dukku daban, baƙar lakar wajen Deba da ke tsagewa da rani ta kama ƙafa da damina daban, fadamar Dadin Kowa ma daban. In ka haɗa yashi da laka a gwaji wani dattijo zai kama ka, kuma shi ke da gaskiya. Matsalar ma ba ɗaya ba ce, mai yashi ruwa da taki ke zurare masa, mai laka ruwa ke kwanta masa.

Abin da na ga ya fi buɗe wa mutane baki shi ne saiwar gyaɗa ko wake ko waken soya. Ka tumɓuko guda wajen lokacin fure, ka nuna musu ƴan ƙurajen nan da ke jikin saiwa, da yawa sun ɗauka cuta ce. Ka fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne to yana aiki, ƙwayoyin halitta ne a ciki suna jawo naitirojin daga iska, shi ne dai sinadarin da suke biyan kuɗi su saya a buhun yuriya. Kuma ka faɗa musu lissafin don manomi yana son lissafi, yuriya kashi 46 cikin 100 ne naitirojin, wato buhu mai kilo 50 kilo 23 ne a ciki, shi kuwa NPK 15:15:15 kilo bakwai da rabi ne na kowane sinadari cikin ukun da ke cikinsa, wato naitirojin da fosfarus da fotasiyam. Daga nan maganar juya shuka ta zo da sauƙi, bana soya ko gyaɗa baɗi masara ko dawa. Sai dai kar ka cika baki ka ce wanda ya yi soya ba ya bukatar taki baɗi, ƙarya ne, mafi yawan naitirojin ɗin yana tafiya cikin ƙwayar da aka kai kasuwa, in kuma an tumɓuke har saiwa an kwashe harawa tas abin da ya rage kaɗan ne. Ragi ake samu. Su kansu gyaɗa da soya suna son supa, wato takin zamani mai sinadarin fosfarus, kafin su yi abin kirki.

Wuta-wuta ma malama ce in ka iya amfani da ita. Ka tambaye su a wace gona ta fi yawa, su da kansu za su ce maka a matacciyar gona, ba ka cika ganinta a inda ake zuba shara da kashin awaki ba. Irinta kamar ƙura yake, tushe ɗaya yana zubar da dubbai kuma yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara goma yana jiran dawa ko gero ko masara, shi ya sa ake cire ta kafin ta yi iri. Soya da auduga suna sa irin ya tsiro ya rasa saiwar da zai kama ya mutu, ka ga a da can da Gombe ke ji da auduga ana juya ta da dawa, magani ake yi ko ba a sa masa suna ba. Wake kam yana da tasa wuta-wutar daban, kar ka haɗa su.

Dan Allah kar ka shiga sahun masu zagin takin zamani, na ga yaran yanzu in sun dawo daga bita sai su ce kemikal ne yana kashe ƙasa a daina. Wanda ke da iyali a wuya ba zai saurare ka ba, kuma kashin dabbobin garin duka ba zai ishi gonakin garin ba. Haɗawa ake yi, na gargajiya ya gyara jikin ƙasa na zamani ya ba shuka abin da take so da wuri. Gaskiya ne yuriya zalla shekara da shekaru tana sa ƙasa tsami musamman mai yashi, wannan ka faɗa. Kuma ka koya musu binnewa, a yi ɗan rami gefen gindin shuka a zuba a rufe lokacin da ƙasa ke da laima, don wanda ya watsa yuriya a sama rana ta buga wani kaso a iska yake tafiya. Wannan kaɗai in suka ɗauka a shekarar farko ka ci riba, don sun ga kana tsare musu aljihu za su saurare ka a sauran.

Inda aikin yake da wuya shi ne maganar kara. A takarda an ce a bar kara a gona kar a ƙone, daidai ne, wuta tana cinye naitirojin ɗin sai toka ta rage, tokar ma iska ta kwashe rabi. Amma karan nan shi ne danga, shi ne makamashin girki, shi ne abincin shanun huɗa, kuɗi ne ma a kasuwa, in ya bari kuma dabbobin wani su cinye. Ga mai gonar haya da bai san ko baɗi za a bar masa ba, ta yaya za ka ce ya yi ta jidar taki a amalanke don wani ya ci? Ka nemi abin da zai yiwu. A bar tushiya da ganyen da ya zube, abin da dabba ta ci a gida kashinta ya dawo gona, a tona rami a bayan gida ana tara kashi da shara da toka ana yayyafa ruwa ana juyawa har ya ruɓe ya daina zafi, don ɗanyen kashi yana kawo irin ciyawa kuma na kaji yana ƙona shuka. Takin bola a tsince leda da batir da kwalba kafin a kai. Inda kuma akwai sauran amana tsakanin manoma da Fulani, tsohon tsarin nan na shanu su kwana a gona da rani a ba makiyayi hatsi yana nan da amfaninsa, amma ta hannun mai unguwa da arɗo za ka bi, ba kai yaro za ka ƙulla ba.

Wajen sassabe ka roƙe su su dinga barin reshe ɗaya ko biyu a kututturen da ya toho, gawo musamman, tunda shi da damina yake zubar da ganye ba ya yi wa shuka inuwa. A yankin Maraɗi ta Nijar haka aka fara tun shekarun 1980 har gonaki suka koma cike da itatuwa ba tare da an dasa ba. Mai gona a gangare kuma kunya ta gitta gangaren kar ta bi shi, a jera duwatsu ko a dasa gamba ko jema a layi, mutanen Tula sun daɗe suna noma a kan dutse da irin wannan dabara. Wanda ya raina zaizaya ka tuna masa kwarurrukan cikin garin Gombe da ke cin gidaje.

Gonar gwaji ka yi ta a bakin hanyar kasuwa ko ta masallaci, wajen manomin da ake jin maganarsa amma ba mai kuɗin gari ba, in ba haka ba za a ce ai kuɗi ne suka yi aiki. Ƴan kunyoyi kaɗan sun isa, gefe da gefe, iri ɗaya rana ɗaya, da kaka a auna da mudu ɗaya a gaban jama'a kuma shi mai gonar ya yi bayani kai ka koma gefe. Tun farko ka gaya musu gyaran ƙasa yana ɗaukar damina biyu ko uku kafin ya nuna sosai. Mata ma kar ka manta da su, awaki da kaji da sharar gida a hannunsu suke, ka nemi abokiyar aiki mace ta shiga gidajen.

In za ka kai ƙasa awo, kar ka ɗebo daga wuri ɗaya. Ka zaga gonar a karkace kana ɗiba wurare da dama, zurfin kamar santimita 20, ka kauce wa suri da gindin bishiya da inda aka tara taki, ka cakuɗa a bokiti mai tsabta ka shanya a inuwa, sannan ka ɗebi kamar rabin kilo ka rubuta sunan gonar da abin da aka shuka bara. In sakamakon ya fito ka turo min mu duba tare kafin ka kai wa mai gonar. Ka gaida mutanen gida.