Zan iya cin sushi kuwa?

Malam, ka ce an gayyace ka gidan abincin Japanawa, kana tsoron ɗanyen kifi. Kwantar da hankalinka, sushi, wato 'yar curin shinkafa da ake haɗawa da kifi ko wani abu, ba duka ne ɗanye ba. Fara da na dafaffen jatan lande ko na ƙwai, daga baya ka gwada na kifin tuna. Gidajen kirki suna daskarar da kifi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili don kashe tsutsotsi, amma duk da haka mai ciki gara ta haƙura.

Abin lura a wurina shi ne mirin, giyar shinkafa da ake zubawa a wasu miyoyinsu; tambayi ma'aikacin kafin ka ci. Wasabi kuma, koren yajin da ake kawowa tare da sushi, ɗan kaɗan za ka lakata, yajinsa hanci yake hawa.